Amsar Wasiƙunku: Kwamfuta Ta Ce "Ba Ka Da Izini", Wa Ya Hana?

Wannan makon mun ɗauko wasiƙar wani sakataren ƙungiyar manoma ne daga wajen Dambatta, wadda muka karanta a shirin da ya gabata, amma lokaci bai bari mun yi mata amsa yadda ya kamata ba. Ga abin da ya ce a taƙaice. Ƙungiyarsu tana da kwamfuta uku a ɗan ofishin da ke jikin sitonsu. Manhajar da suke rubuta bashin taki da na iri, da lissafin buhunan da 'yan ƙungiya suka kawo ajiya, tana zaune a cikin babbar kwamfutar, a wata folda da aka buɗe wa sauran biyun. Da can kowa daga kujerarsa yake buɗe ta. To sai aka saya wa akawu sabuwar kwamfuta. Yanzu yana ganin foldar, yana ganin sunan manhajar ƙuru-ƙuru, amma da ya danna sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci, yana cewa Windows ba ta iya kaiwa ga wannan fayil ba, mai yiwuwa ba shi da izini. Ta ma'aji kuwa lafiya lau take buɗewa. Wani yaro mai gyara ya ce a kwaso duka ukun a kai birni a yi musu fomatin, wato a share komai a sake zubawa. Wani kuma ya ce a buɗe wa kowa komai a huta. Ga kaka ta zo, lokacin karɓar bashi ya yi, Malam Sakatare yana tambaya wanne za su bi.

To Malam Sakatare, kada ku bi ko ɗaya. Babu abin da ya lalace a cikin na'urorinku. Kwamfutar da ta ce maka ba ka da izini aikinta take yi, kamar dai mai gadin da ya tare ka a bakin ƙofa. Abin da ya rage shi ne a gano wane mai gadi ne ya tare akawu, don ba ɗaya ba ne, su uku ne, kuma kowanne da irin maganar da yake ji. Makamanciyar wannan tambaya ta zo mana daga wani Alhaji mai sito a kasuwar Dawanau, da kuma wani mai shagon buga takardu a Bichi, saboda haka za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Amma kafin kowa ya taɓa komai, a kwafe lissafin nan a zuba a filash mai tsabta, a ba shugaba ya tafi da shi gida. In akwai firinta a buga jerin masu bashi a takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manhaja ana iya sake sayo ta, amma bayanin wa ya karɓi buhu biyu na taki da damina, wa ya biya rabi, in ya ɓata to rigima ce za ta kai ku gaban dagaci.

Yanzu ka ɗauka an aike ka gidan wani ka ɗebo gero a rumbunsa. Da farko sai ka yi sallama a zaure, a san ko kai wane ne, a ce ka shigo. Shigarka gida ba ita ce ta ba ka ikon buɗe rumbu ba, wannan wani izini ne daban. In ka ɗebo ka kawo gida, mai gidanku ma yana iya cewa dakata, wannan geron daga ina, bari in duba ko da ƙwari a ciki. Haka abin yake a kwamfuta. Mai gadin zaure da mai riƙe da rumbu duk suna cikin babbar kwamfutar da ke ɗauke da foldar. Na ukun yana cikin kwamfutar akawu ita kanta.

Akwai ɗan gwaji da ba ya cin ko kwabo, wanda zai nuna maka inda za ka fuskanta. Akawu ya kwafo foldar manhajar gaba ɗaya ya ajiye a kan fuskar tasa kwamfutar, ya gwada buɗe ta daga nan. In kwafar ma ta ƙi yiwuwa, to matsalar tana can babbar kwamfuta. In ta kwafu kuma ta tashi, amma daga can cikin foldar tarayya ba ta tashi, to an ba shi ikon gani ne ba a ba shi na tayarwa ba, ko kuma kwamfutarsa ba ta yarda da hanyar da aka bi aka isa wurin ba. In kuwa ta kwafu amma ko a gida ta ƙi tashi, to mai gadi na uku ne. Sai dai a kula, wannan kwafi na gwaji ne kawai. Kada akawu ya ga ta tashi ya ci gaba da rubuta lissafi a ciki, ranar Lahadi a dawo daga kasuwar Dambatta a tarar da littafi biyu, kowanne da nasa jimillar. Da an gama gwaji a goge shi.

Mu fara da zaure. Babbar kwamfuta ba ta san fuskar akawu ba, ba ta kuma damu da ko kwamfutarsa sabuwa ce ko tsohuwa ba. Suna da kalmar sirri kawai ta sani. Tsohuwar kwamfutar akawu tana da sunan da babbar ta saba da shi. Sabuwar ta zo da wani suna daga shago, wataƙila ma sunan yaron da ya zuba mata Windows ne. Maganin wannan shi ne a je babbar kwamfuta a buɗe wa akawu suna nasa na kansa, da kalmar sirri, sannan in ya zo shiga foldar ya ba da wannan sunan. Kalmar sirrin dole ce. Windows ba ta barin sunan da ba shi da kalmar sirri ya shigo ta hanyar sadarwa, ko da kuwa sunan mai kwamfutar ne. Wani lokaci kuma an canza kalmar a babbar kwamfuta, amma ƙaramar tana riƙe da tsohuwar tana ta miƙa ta ana mayar mata. Akwai wurin da take ajiye irin waɗannan kalmomi, za ka ga an rubuta Credential Manager. A shiga a goge tsohuwar, a kashe kwamfutar a kunna, za ta sake tambaya.

A nan ne matsalar Alhaji na Dawanau take. Shi ya ce yaransa ba su taɓa sa wata kalmar sirri ba, shekara da shekaru suna shiga, sai rana ɗaya bayan kwamfuta ta sabunta kanta ko foldar ma ba a gani. Alhaji, da can yaranka a matsayin baƙi suke shiga, wato ba suna ba komai. Kamfanin Microsoft ya fara rufe wannan ƙofa ta baƙi tun 2017 a wasu nau'o'in Windows 10 na manyan ma'aikatu da makarantu, sannan a 2024 ya rufe ta a Windows 11 nau'in Pro, wanda shi ne a kan kwamfutocin ofis da yawa. Masu gyara sun san yadda ake sake buɗe ta, amma ni ban ba ka wannan shawara ba. Ka sa a yi wa kowane yaro suna. A kuma duba abu ɗaya: in kun canza rauta, ko kuna jona kwamfutocin da wayar wani, Windows takan ɗauki sabuwar hanyar a matsayin ta bainar jama'a, ta ɓoye foldojinta. A shiga saitin sadarwa a mayar da ita daga Public zuwa Private.

Malam Sakatare, tunda akawunku yana ganin foldar, ya wuce zaure ke nan. Na fi zargin mai riƙe da rumbu, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa, saboda wurin ba da izini biyu ne a kan folda ɗaya. Ka je babbar kwamfuta, ka ɗora linzami a kan foldar, ka danna maɓallin dama, ka zaɓi Properties. Dole in riƙa kawo kalmomin da Turanci, don haka za ka gan su a rubuce. A sama za ka ga Sharing, za ka kuma ga Security. Na farkon shi ne izinin masu zuwa daga waje, mataki uku gare shi: karantawa, canzawa, da cikakken iko. Na biyun shi ne izinin da ke manne da fayilolin su kansu, ko daga ina mutum ya zo. Wanda ya zo ta hanyar sadarwa sai ya bi ta duka biyun, kuma wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki a kansa. In Sharing ya ba ka cikakken iko, Security ya ce karatu kawai, to karatu kawai ka samu. In aka juya, haka dai. Shi ya sa za ka ga mutum ya buɗe ɗaya har ƙarshe yana ta rantsuwa ya ba da izini, alhali ɗayan na kulle.

A cikin Security ɗin kuma akwai wani bambanci da ido ba ya saurin kamawa. Akwai layin da aka rubuta Read, akwai wanda aka rubuta Read & execute. Na farko gani da kwafa ne. Na biyu shi ne gani da tayarwa. Takarda ko hoto, gani ya ishe su. Manhaja kuwa ba karanta ta ake yi ba, sa ta aiki ake yi, kamar bambancin wanda aka bari ya kalli injin ban ruwa da wanda aka bari ya ja igiyarsa. In sunan akawu yana da na farko ba shi da na biyu, to daidai abin da ka kwatanta a wasiƙarka zai faru: ga manhaja yana kallo, amma ba ta tashi. Ka duba sunan ma'aji, wanda tasa ke aiki, ka ga me aka ba shi, ka kwatanta da na akawu. Sau da yawa a nan amsar take fitowa.

Kuma da yake manhajar lissafi ba tashi kawai take yi ba, tana rubutu, to foldar da bayanan suke ciki sai an ba akawu ikon canzawa: Change a wajen Sharing, Modify a wajen Security. In ba haka ba za ta buɗe lafiya, ya yi ta shigar da sunaye tun hantsi, ya zo ajiyewa ta ce a'a. Cikakken iko kuwa na mutum ɗaya ne, wanda ƙungiya ta ɗora wa kula da na'urorin, domin mai cikakken iko yana iya canza izinin wasu, har ya kulle shugaba a waje.

Abu biyu kuma da sukan ɓuya. A gefen kowane layi akwai gurbin yarda da gurbin hani, Allow da Deny. Hani yakan rinjayi yarda. In sunan akawu yana cikin wani rukuni da aka taɓa yi wa hani, ko ka ba shi izini da sunansa zai iya ci gaba da cin karo. Na biyu, in ka ga duk fayilolin folda suna buɗewa sai ɗaya tak, ka tambaya ko jawo shi aka yi daga wata folda a cikin kwamfutar. Fayil ɗin da aka kwafa yakan ɗauki dokar sabon gidansa, amma wanda aka ɗauke ɗungurungum yakan taho da dokar tsohon gida. A nan Security ɗin, in ka danna Advanced, akwai Effective Access. Ka sa sunan akawu, za ta jera maka abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, ba sai kun yi ta canke ba.

Mai shagon Bichi shi nasa daban ne kaɗan, don foldarsa ba a cikin kwamfuta take ba, a wani faifan ajiya ne da ya jona a jikin rauta. Irin waɗannan na'urori galibi da wata manhaja suke magana da Windows, sunanta Samba, wadda wani ɗan Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fara fitarwa a 1992. Tsofaffin nau'o'inta ba sa duba ko fayil yana da alamar tayarwa, amma daga na 4, wanda ya fito a 2012, sai ta fara dubawa. Saboda haka wanda ya haɗa maka na'urar shi zai shiga saitinta ya sa wa fayil ɗin wannan alama. Ko kuma, mafi sauƙi, ka bar faifan ya zama wurin ajiya kawai, ka riƙa kwafo manhajar kana zuba ta a kwamfutar da za ta yi aiki.

Sai mai gadi na uku, na cikin gida. Tun 2004 Windows take manna wata ɓoyayyiyar alama a jikin fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, don ta tuna baƙo ne. In ka buɗe Properties na fayil ɗin manhajar ka ga a can ƙasa an rubuta Unblock, to alamar tana nan. In kun tabbata daga hannun wanda ya sayar muku take, a danna a cire. Haka nan yadda aka kira babbar kwamfuta yana da tasiri. In da sunanta aka kira ta, ana ɗaukarta 'yar gida. In da lambobin nan masu ɗigo-ɗigo aka kira ta, irin su 192.168 da sauransu, Windows takan ɗauka daga intanet abin ya fito, ta tsananta. Masu gyara suna son lambar don ta fi sauri wajen haɗawa, to a ce musu su sa suna.

Akwai kuma wanda zai ce a danna Run as administrator, wai a tayar da ita da ikon babba. Wannan ikon a kwamfutarka kawai yake aiki. Mai unguwa a unguwarsa yake mai unguwa, in ya je wani gari baƙo ne. Babbar kwamfuta ba ruwanta da girmanka na gida. Abin haushi ma, tun daga Windows Vista ta 2007, in an laƙaba wa foldar tarayya harafi, kamar Z, da ka tayar da manhaja da ikon babba sai harafin ya ɓace mata, ta ce ba ta ga hanya ba. Ka ga an ƙara matsala a kan matsala.

In kuwa antibayros ce ta kama fayil ɗin, za ka gani a tarihin abin da ta tsare. A nan sai a tsaya a yi tunani. Sabuwar kwamfutar akawu tana da sabon tsaro, tsofaffin biyun wataƙila an daɗe ba a sabunta nasu ba. Yana yiwuwa ita ce mai gaskiya. Manhajar nan saye aka yi, ko wani ne ya zuba muku ta bayan fage? Filash nawa aka soka a babbar kwamfutar bana, daga masu neman a tura musu waƙa zuwa masu buga takardar makaranta? Kada a kashe antibayros don manhaja ta tashi. A kira wanda ya sayar da ita ya kawo sabon kwafi. Shi ne kuma zai gaya muku ko lasisinku na kwamfuta nawa ne, don wata manhajar ita da kanta take ƙin sabuwar na'ura, ba ruwan Windows.

Yanzu bari in dawo kan shawarar nan ta a buɗe wa kowa komai, don na san ita ce za ta fi jan hankalin 'yan kwamiti, tunda minti biyu ne an gama. Yadda ake yi shi ne a zaɓi Everyone, wato kowa da kowa, a ba shi cikakken iko a wuraren nan biyu, a kuma kashe neman kalmar sirri. Mai yiwuwa manhaja ta tashi. Amma daga ranar duk wanda ya sami shiga sadarwar ofishinku, har da samarin da ke zama a inuwar sito da yamma suna roƙon lambar rauta, zai iya buɗe littafin bashi. Yana iya mayar da buhu biyar ya koma biyu, yana iya goge shafi, kuma ba za ku san ko wane ne ba, don kowa da suna ɗaya ya shiga. A cikin littafin nan akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu, wataƙila har da lambar katin ɗan ƙasa da ta asusun banki. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, wadda ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Ko ba doka ma, amana ce. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ga kuma cutar kwamfuta mai garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle su ta ce sai an biya fansa. In ta kama kwamfuta ɗaya, duk foldar da mai kwamfutar ke da ikon rubutu a ciki sai ta bi ta kulle. Ka ga in an buɗe wa kowa, to an buɗe mata. Wani abin da masu gyara ke yi don sabuwar kwamfuta ta yi magana da tsohuwa shi ne su kunna tsohuwar hanyar musayar fayil da ake kira SMB1. Ta wata ɓaraka a wannan hanya ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayu na 2017, ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha wuya. Idan babbar kwamfutarku Windows 7 ce, ku sani an daina yi mata irin wannan magani tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. Tunda kun sami sabuwa, ni da za ku ji tawa, ita ya kamata ta riƙe littafin, tsohuwar ta koma teburin akawu.

In duk kun bi wannan abin bai warware ba, to a kira mai gyara, amma shi zai zo ofis, ba ku za ku kwashi na'urori zuwa titin Beirut ba. Matsalar tsakanin kwamfutocin take, a kan sadarwarku, in an raba su da wurin ba za a ma gan ta ba. Sakatare ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi wane izini ya canza, wa ya ba, a rubuta a littafi. In ya gama, wanda ƙungiya ta ɗora wa na'urorin ya canza kalmar sirrin babba da hannunsa. A kuma tambayi mai manhajar ko za a iya zuba ta a kowace kwamfuta, a bar bayanan kawai a foldar tarayya. Ya fi sauƙin sha'ani, musamman a wurinmu da ake ɗauke wuta ba sallama. Babbar kwamfutar dai a sama mata batirin riƙe wuta, don in ta mutu akawu na tsakiyar rubutu, fayil ɗin lissafin yana iya lalacewa.

Akwai wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa daga Makoɗa da ta ce ita ba ta da kwamfuta, amma ɗanta ya turo mata wata manhaja ta Xender, wayar ta ce ba a yarda a zuba daga wannan hanya ba. Hajiya, wannan shi ne mai gadi na uku da muka ambata, a cikin wayarki. Tun daga Android 8 na 2017, waya takan nemi a ba kowace manhaja izini daban kafin ta zubo wata. In manhajar banki ce ko ta aika kuɗi, kada ki karɓa daga wayar kowa, ko da ɗanki ne, ki sa ya sauko miki da ita daga Play Store. In wata ce daban kuma kin san asalinta, a ba Xender izinin, a zuba, sannan a koma saiti a janye shi nan take.

Malam Sakatare, in akwatin nan ya sake fitowa bayan kun gwada, a ɗauki hotonsa da waya a aiko mana tare da wasiƙa, a kuma faɗa mana wace Windows ce a kan kowace kwamfuta daga cikin ukun.